Gurbi a Bayan Ɗan Fari

...kuma wai ƙato bayan ƙato. Wa ya ƙirƙiro wannan abu, don Allah? A da ai takarda ake ba mutum, ya shiga lungu ya dangwala, daga shi sai Ubangijinsa. Yanzu an ce a'a, kowane daliget ya fito fili ya tsaya a bayan wanda yake so, ido na ganin ido. To, Turai tana tsaye. Ta fi awa guda tana tsaye a filin makarantar nan ta Birnin Kudu, rana ta take tsaka, zafin yashi yana ratso takalmi. Layi biyu ne. Ɗaya na Alhaji Buba, wanda ya riƙe shugabancin jam'iyya na ƙaramar hukumar Gwaram shekara goma sha shida. A layin nan take. Ɗayan kuwa... ɗayan na wancan ne.

Wancan. Ga sunansa a fasta, ga shi a lasifika tun safe — Munzali, Munzali, sai Munzali — kowa yana tauna shi kamar goro. Ita kaɗai ce a filin nan ba ta taɓa furta shi ba, ita da ta haife shi. Shekara arba'in da ɗaya. Ɗan fari ne. Ina uwa ina kiran sunan ɗan fari? In ta kama dole sai ta ce Ɗan Dada, don Dada, mahaifiyarta, ita ta ɗauke shi ranar yaye, ta goya shi ta wuce da shi rugarsu ta bayan Basirka. Shi kuma Adda yake ce mata, yadda ƙannenta suke cewa. Haka aka taso, haka aka tarar.

Dada, kin ga inda kunyarki ta kawo ni? Ke kina kwance abinki, ƙasa ta rufa miki asiri. Ni ga ni a rana.

Taku nawa ne tsakanin layin nan da wancan? Goma. Goma sha biyu in mutum ƙafarsa ta tsufa. An ja farar toka a ƙasa don kada a cuɗe, akuyar wani ma ta tsallaka ɗazu, ba wanda ya ce mata kanzil. Akuya ta fi ta 'yanci yau.

Ai a Gwaram ya kamata a yi, a ofis ɗinsu, ƙarƙashin tsamiyarsu. Amma ofis yana da kwaɗo biyu yanzu. Mutanen Alhaji suka sa nasu, mutanen wancan suka zo suka ɗora nasu a kai, ba mai shiga, sai ƙadangaru. Shi ne manya daga Dutse suka ce a kwaso su a kawo nan, garin maƙwabta, ko a ji kunyar baƙunta. Kunya kuma... A bas daga Sara da safe, kujerar da ke gefenta ba wanda ya zauna. Mota cike, mutane a tsaye sun riƙe ƙarfe, amma kusa da Hajiya Turai shugabar mata ta mazaɓar Sara, wayam. Mutanen Alhaji suna tsoron a ce an gan su da uwar wancan. Mutanen wancan suna cewa ga wadda ta ƙi ɗanta. Jakarta ta ɗora a kan kujerar, don kada a ce ta lura.

Ta lura mana. Wata biyu ke nan tana lura. In ta yi sallama a falon Alhaji sai magana ta mutu, wani ya hau tambayar yaushe ruwa zai sauka. Taro uku aka yi ba a aika mata ba — wai an manta. Ita ake mantawa? Ita da ta yi ta bin gidaje a Sara da Basirka a bayan babur, ƙugu yana ƙara, tana roƙon maza su bar matansu su fito su yanki kati? Lokacin da jam'iyya ta faɗi, kowa ya sauya sheƙa, su nawa suka rage? Biyar. Su biyar a gindin tsamiya, Alhaji da kansa yake ɗauko tabarma a kafaɗa. Masu wucewa suna cewa ga zaman makoki ba gawa. Ba ta tafi ba. An zo mata da turamen atamfa daga ɗaya ɓangaren, ta ce a mayar, ba ta da maɗinki.

Kuma Alhaji mutum ne, ko maƙiyinsa ya san haka. Ranar kasuwar Gwaram, a kan mota, shi ya miƙa mata makirufo gaban maza suna dariya, ya ce ku saurara, wannan ta fi ku baki kuma ta fi ku gaskiya. Ranar da mijinta Malam ya cika a babban asibitin garin nan — can, bayan duwatsun can, in ta ɗaga kai za ta hango rufin — motar wa ta kai shi gida? Ta Alhaji, shi ya tuƙa da hannunsa, bai ba direba ba. A ranar bakwai ta ce masa, Alhaji, inda ka tsaya nan zan tsaya. Ba wanda ya tambaye ta, ita ta faɗa. Magana zarar bunu ce.

A lokacin wa ya san wancan zai fito? Malamin makaranta ne, yana koyar da lissafi, shiru-shiru kamar ubansa...

«Hajiya, ƙafarki ce?» Lailatu ce, mataimakiyarta, tana bayanta daf, numfashinta a wuya. «Mu fa mu shida muna kallon dunduniyarki. Inda kika taka nan za mu taka.»

Ta gyaɗa kai kawai. Bakwai ke nan har da ita. Kuma layukan nan — ta auna su da ido ya fi sau goma — kan su ɗaya, wutsiya ɗaya, in akwai rata ba ta wuce mutum uku ko huɗu ba. Bakwai ta isa ta kayar da mutum, ta isa ta tayar da mutum. Lailatun ma... tana tare da ita ne, ko an sa ta gadi? Jiya an gan ta tana fitowa daga gidan Alhaji da yamma. To in an gan ta fa? Ita ma ai tana shiga. Ka ga abin da rikicin nan ya mayar da mutane, kowa yana shinshinar ɗan'uwansa.

Ƙeyarsa. Daga nan ƙeyarsa take gani, shi yana can gaban layinsa, ya fuskanci teburin malaman zaɓe. Farar shadda, hula zanna ta ɗan karkace hagu. Ga tabon nan ƙasan hular, inda gashi ya ƙi fitowa. Yana shekara shida saniya ta make shi da ƙaho a ruga, aka kawo shi asibitin nan jina-jina. Ta zo. A ƙafa ta taso daga Sara har bakin titi, da cikin Nasiha wata bakwai. Ta zo ta tsaya a gindin darbejiya, bakin taga. Dada tana ciki, surukai suna ciki, yaya za a yi uwa ta kutsa tana rawar jiki a kan ɗan fari? Sai a yi shekara ana ba da labarinta a gidan biki. Ta taga ta ga an aske ƙeyar, ana ɗinki, yana ihu yana kiran Dada. Dada yake kira. Ita ta ciji mayafi har ya huje. Da aka fito aka ce ya jiki, ta ce ai ita awo ta zo.

Kin yaba mini ranar, Dada. Kin ce 'yata ta cika 'yar halak, ko ƙwalla ba ta yi ba. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Na koma gida na kwana uku ban ci tuwo ba.

Ta fi sanin ƙeyar nan a kan fuskar. Fuska ai ba a kallo, in ya shigo sai ta sunkuyar, ko ta tashi ta duba tukunyar da ba komai a ciki. Sai ya juya zai fita take ɗaga ido. Ƙeya ranar da zai tafi makarantar kwana, da akwatin ƙarfe a ka. Ƙeya ranar ɗaurin aurensa. Ƙeya a bayan makarar Malam. A ƙeya ta ga ya yi tsawo, a ƙeya ta ga wuya ya cika, bana kuma a ƙeya ta ga furfura guda biyu-uku. Ɗanta da furfura, ba su taɓa zama sun ci abinci a kwano ɗaya ba.

Alhaji Buba ya sake waiwayowa. Karo na nawa? Yana bin layinsa da ido, leɓe yana motsi, kamar makiyayi da magariba. Idonsa ya zo kanta ya ɗan tsaya, ya wuce. Ya tsufa, bawan Allah. Babbar rigar ta yi masa yawa. Kuma abin da yaran suke faɗa... ba duka ne ƙarya ba, ita ta sani, tana wurin. A falonsa ake zaɓen kansila, a rubuta suna a bayan ambulan, gobe a ce jama'a ce ta zaɓa. Wanda ya yi tari a ce ya yi wa jam'iyya zagon ƙasa. Ta sha cewa Alhaji a sassauta, ya ce Turai ba ki san 'yan zamani ba. Ga 'yan zamanin nan sun yi layi.

Wancan bai waiwaya ba. Ko sau ɗaya. Tun da aka busa usur ya kafe kamar turke.

Ran Talata ya zo Sara. Tana tsakar gida tana sheƙar gero. Bai shigo ba, ya tsuguna a bakin zaure, Nasiha ƙanwarsa ta tsaya a tsakani tana kai magana tana kawowa, alhali kowa yana jin kowa. Ki gaida Adda. Ki ce mata na fito neman shugabancin jam'iyya, ran Asabar za a yi. Shi ke nan fa. Bai ce ki tsaya mini ba, bai ce ina roƙo ba. Ita kuma, bayanta a juye, faifai a hannu, me ta ce? Me ya fito daga bakin nan da ya iya magana a kan mota gaban dubu? Ki ce masa Allah ya ba mai rabo sa'a. Abin da ake gaya wa kowane ɗan takara da ya zo da 'yan rakiya. Abin da ta gaya wa wani mai neman kansila da ba ta ma san sunan ubansa ba. Ya ce amin. Ya daɗe a tsugune. Sannan ta ji tashin babur, ta juyo, ta sami ƙeyar tana shan kwana.

Me ya hana shi roƙo? Da ya buɗe baki ya ce Adda... da ya ce Inna, sau ɗaya... To wa ya koya masa buɗe baki? Ɗan da aka koya wa kawar da kai tun bai iya ɗaura wando ba. Abin da ka shuka.

Malamin zaɓe ya miƙe, mai jar hula, da biro da takarda. An ce da layin Alhaji za a fara, don shi ne a kan kujera. Maza yana dafa kafaɗa, mata yana nunawa da biro. Ɗaya. Biyu. Tana can wajen tsakiya, da sauran tafiya.

Alkawari. Ta riƙe wannan, alkawari kaya ne. In an tambaye ta gobe a Sara, amsa a shirye: na ba Alhaji baki tun kafin yaron ya san zai fito. Wa zai ce ta yi laifi? Har a yaba. A ce Turai mace ce mai magana ɗaya, ko ɗanta ba ta duba ba...

Sai dai Alhajin ya kwance ta. Shekaranjiya, a ƙofar gidansa, ya sallami mutane ya rage murya. «Turai, maganar nan da kika yi ranar bakwai ɗin Malam, na yafe miki ita. Naka sai naka. In kin tsallaka ba zan ga baƙinki ba.» Ta ce haba Alhaji. Ya ce ya rantse. Da gaske yake? Ko dabarar tsohon ɗan siyasa ce, ya saki igiya don ya san saniyar ba za ta bar garke ba? Ko ma wanne ne, ya faɗa, kunnenta ya ji. Babu igiya a ƙafarta. To me ya riƙe ƙafar?

Goma sha tara. Ashirin.

A ce ta fita. A ce ta tsallake tokar nan, mata shida a bayanta, filin nan kaf ya juyo. Ga uwar Munzali! Ta je bayan ɗanta! Guɗa, tafi, masu waya suna ɗauka, kafin la'asar an gani a Basirka, an gani a ruga. 'Yar Dada ta tsaya a bainar jama'a tana nuna wa duniya tana son ɗan fari. Tsofaffin rugar su riƙe haɓa. Jikinta har ya yi yar, kamar an yaye mata zane a kasuwa. Ba Alhaji ba ne. Ba jam'iyya ba ce, ba tsamiya ba, ba tabarma ba. Wata biyu tana cewa amana, amana... Ashe ke ce, Dada. Shekara tara da binne ki, har yanzu kina zaune a bakin ƙofa kina kallon inda zan sa ido.

Kanta yana sarawa. Ba ta sha ƙwayar hawan jini ba da safe, saurin mota. Likita ya ce ta guji tsayuwar rana. Wa ya sani? Nasiha kaɗai, ita take rako ta.

Wai me ke faruwa a kan layin can ne? Tun ɗazu ta ga abin, hankalinta bai zauna a kai ba. Bayan wancan daf, babu kowa. Gurbi ne, na mutum ɗaya. Sai bayan gurbin Maikano yake tsaye, amininsa tun firamare, mai shagon taki a Gwaram, ya tokare na baya da kafaɗa kada su matso. Kuma ya buɗe lema. Baƙar lema, sabuwa. Ba a kansa ya riƙe ta ba, shi gumi har ya jiƙa masa riga. Ba a kan ɗan takara ba. Ya miƙa hannu gaba, inuwar tana faɗa wa yashi.

Wani babba ake jira daga Dutse, ko? Wani mai tumbi da zai fito daga mota mai sanyi a ƙurarren lokaci. Haka suke yi.

Ɗan sanda ya je yana nuni da sanda, a matse, a cike wurin nan. Muryar Maikano ta tsallako har nan. «Ranka ya daɗe, wurin da mai shi.» Da ya faɗa sai ya ɗago ido, ya ratsa tokar, ya ratsa mutane, ya sauke a kanta. Daƙiƙa ɗaya. Ya sunkuyar, kamar yadda yaro yake yi wa uwar abokinsa.

Talatin da takwas. Talatin da tara.

A'a. A'a, ba... Wa ya gaya wa wancan rana tana kayar da ita? Wa ya gaya masa? Ranar awon hawan jinin da ya wuce, da suka fito daga asibiti, Nasiha ta ce ga mai babur can an riga an biya shi. Ba ta tambaya ba. Watan da ya gabata ma haka. Wa yake tsayawa a gindin darbejiya, bakin taga? Ita tana kallon ƙeyarsa shekara arba'in, ashe shi ma... Shi ya sa bai waiwaya ba. Ba girman kai ba ne, ba fushi ba. Ya ba ta baya ne don ta zo ba tare da sun haɗa ido ba. Ya zaɓar mata wuri ɗaya tak a filin nan da ba zai iya ganin fuskarta ba. Bai roƙa ba, don roƙo zai sa ta amsa. Ya bar mata kunyarta cif, ya ɗora mata inuwa a kai.

Taku goma sha biyu.

Ƙafar dama ta zame daga takalmi. Yashi ya ƙona tafin. Lailatu ta ja numfashi, Turai ta ji hannun Lailatun ya kama gefen mayafinta — riƙewa take ko shirin bi? Alhaji ya waiwayo. Tsofaffin idanun nan, jajaye. Tabarma a kafaɗa. Motar da ta kai Malam. Dada a bakin ƙofa. Ɗaga mana. Ɗaga, Turai, ke da kika hau mota gaban maza. Ƙafa ce kawai, kullum ana ɗaga ta...

Biro ya nuna ta.

«Arba'in da bakwai.»

Ya wuce. Arba'in da takwas, Lailatu. Haka kawai? Ba a ji komai ba, ƙasa ba ta tsage ba. Ta mayar da ƙafar cikin takalmi. Madalla da 'yar halak, Dada. Ko ƙwalla.

An gama da su, mai jar hula ya rubuta, ya tsallaka tokar shi da akuya ba su da shamaki. Ya tsaya a kan layin can. Ya nuna gurbin da biro, ya ce ba ya ƙirga iska, ko a cike ko ya wuce. Maikano bai dube ta ba wannan karon. Ya rufe lemar a hankali, ya naɗe ta, ya ɗaure igiyar. Ya taka ɗaya, ya shiga wurin.

Sai kafaɗun wancan suka sauka.

Ta gani. Ba wanda ya san bayan nan kamarta. Tun safe kafaɗun a ɗage suke, a ƙage, yanzu sun saki. Ya ji motsi a bayansa, ya ji an tsaya, inuwar mutum ta taɓa dunduniyarsa. Ya kai hannu ya gyara hular, ya daidaita ta, yadda mutum yake yi in babba ya shigo. Wuyan ya ɗan sunkuya. Ladabi yake yi. Ladabi yake yi wa Maikano mai taki, don ya ɗauka...

Ba zai waiwaya ba. Ba zai kunyata ta ba, an koya masa da kyau. Zai tsaya haka har a gama ƙirga, da wannan abin a ƙirjinsa, mutum tamanin, mutum casa'in, yana jin uwarsa a bayansa karon farko tun ranar yaye.

Bakinta ya buɗe. Sunan yana nan, tun safe ake ta zuba shi a lasifika, ba wuya gare shi ba. Harshen ya taɓa leɓe, ya tsaya. Bai san hanya ba.

Biyu, in ji mai jar hula. Uku. Huɗu.

A ƙirga a hankali, don Allah... a ƙirga a hankali. In an gama zai juyo.